Ƙafar da Na Nuna

A gidanmu na Salaga yarinya ba ta kallon fuskar namiji. Kakata ce ta raine ni, jikar fataken goro, kuma tana da wani zoben azurfa a yatsanta na tsakiya wanda aikinsa ya wuce ado. In baƙo ya yi sallama kika kai masa ruwa, idonki ya wuce gwiwarsa, to yana juya baya za ki ji zoben nan a tsakiyar kanki. Kafin in kai shekara goma na haddace mazan unguwarmu daga ƙasa. Na san liman da babban yatsansa da ya karkace, na san mahauci da baƙin farcensa. In na leƙa ƙofar zaure na ga takalma, sai in koma in gaya wa kakata waɗanda suka zo da wanda bai iso ba tukuna. Surukina kuwa, shekara goma sha ɗaya ina durƙusa masa, ban san gemunsa ya kai ƙirji ba sai da ya rasu aka rataye hotonsa.

Na fara da wannan ne saboda da wannan tarbiyyar na sa aka ɗaure wani bawan Allah.

Sana'ata hatsi ce. Nakan je Yendi in saro masara da waken soya in kawo Salaga. Ranar da abin ya faru a motar ƙanin maigidana muke, shi ke tuƙi, mu mata biyar a baya. Ni da shi abokan wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidan. "Matata" yake kirana, ni kuma in ce masa mijin da ko cefanen gishiri bai taɓa yi ba. Mun wuce Bimbila da hantsi, muna cikin wannan tsiyar, sai muka tarar da ƙaton itace an gicciya a hanya. Ya yi ƙoƙarin ja da baya, suka fito daga ciyawa su uku, aka harbe shi a hannun dama.

Aka ce kowa ya sauko ya kwanta. Na kwanta rubda ciki, kumatuna a kan tsakuwa. Ɗaya ya zo ya tsaya a kaina. Abin da na gani silifas ne shuɗi, igiyar ɗaya an ɗaure ta da waya, da diddige mai faso. Ya ja jakata, na riƙe, ya taka mini yatsu har na saki. A ciki akwai jarina, da wayata, da wani ɗan littafin addu'o'i da mahaifina ya rubuta da hannunsa, aka yi masa bangon fata. Suka hau babura suka tafi, suka bar mu da jinin yaron nan yana zuba a kan kujera.

Ni mace ce mai zuciya, duk kasuwa an san ni da haka. A kwanakin nan ko abinci ba ya wuce mini. Maigida yana asibiti da ƙaninsa, likitoci suna ta ja-in-ja a kan ko a yanke hannun ko a bar shi. Ni kuma ina gida ina kallon yatsuna da suka kumbura, ina roƙon Allah Ya kawo mini mutumin nan gabana.

Bayan kwana biyar aka kira ni zuwa wani ƙaramin ofishin 'yan sanda da ke kan hanyar, ba zan faɗi garin ba. Ina shiga na ga littafin babana a kan tebur. Na rungume shi na fashe da kuka. Ɗan sandan ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mun kama shi. A aljihunsa aka sami wannan. Da aka tsayar da shi kuma gudu ya yi." Ya ce wani mai albasa ne daga Bawku. Saura kawai in nuna shi.

Aka fita da ni tsakar gida. An jera maza tara a jikin bango, aka ce in bi su ɗaya bayan ɗaya in duba. Na bi su, kuma na duba, irin dubawar da na iya. Na farko sau-ciki ne a ƙafarsa, na biyu takalmin ƙwallo, na uku sandal na fata. Daga baya na ji cewa daga tasha aka kira su don su cika layi. Na shida ba takalmi. Ƙafa ce tsirara a kan siminti mai zafi, yana ɗaga ɗaya yana ajiye ɗaya, kuma diddigensa duk faso. Na miƙa hannu na ce, "Wannan ne." Ban ɗaga kaina ba, kuma ba wanda ya lura ban ɗaga ba. Aka rubuta cewa na duba fuskokinsu na gane shi ba tare da shakka ba, aka karanta mini, na dangwala.

A kotu ba shi da lauya. Sauran matan da muke tare sun ce ba su ga komai ba, kowacce ta kama gabanta. Ƙanin maigida kuwa yana kwance. Ni kaɗai ce shaidar ido. Mai albasa ya yi bayaninsa da wata murya mai sanyi. Ya ce yana dawowa daga kasuwa ya tsaya kama ruwa, ya ga takarda da sunan Allah yashe a cikin ciyawa, ya ɗauka ya kakkaɓe, da niyyar ya ajiye a masallacin da ya fara tararwa. Gudun kuma, ya ce baburinsa ba shi da takardu, ya ji tsoron a ƙwace masa. Da na ji maganar littafin wani abu ya taɓa ni, don na san ko ni ce ba zan tsallake sunan Allah a ƙasa ba. Sai na tuna hannun yaron nan, na danne.

Alƙali ya ba shi dama ya yi mini tambaya. Guda ɗaya ya yi.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, kin ga fuskata ranar?"

Raina ya ɓaci. Ɓarawo ne zai haɗa ni da Allah a gaban jama'a? Na ce, "Ko cikin mutum dubu zan gane ka." Lokacin da nake faɗin haka idona yana kan katakon da ke gabana. Aka yanke masa shekara goma sha biyar.

Na koma kasuwata. Ba a yanke hannun ba, amma ya shanye, ƙanin maigida bai sake tuƙi ba. Aka buɗe masa ɗan shago a ƙofar gida. Kullum in zan wuce sai ya ce, "Matata ce ta kama mini ɓarawona, 'yan sanda rakiya kawai suka yi." Ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Bayan shekara uku, wata ranar da azahar, ina auna masara, wata mata ta tsaya a rumfata da jakar leda. Doguwa ce, duk ta gaji da hanya. Ta gaishe ni da Hausar mutanen Bawku, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Hajiya, ba faɗa ya kawo ni ba. Ni yayan mai albasa ne. Ka duba wannan."

Ta zazzage ledar. Dogon takalmin roba ne irin na masu lambu, baƙi, an like shi a wuri biyu. Ta ce shi ne a ƙafarsa ranar da aka kama shi. A ofishin 'yan sanda aka cire masa kafin a kulle shi a ɗaki, kamar yadda ake yi wa kowa, daga baya aka ba ta. Ta ce sun ɗaukaka ƙara, sun sami lauya a Yendi, kuma lauyar tana so ta gan ni.

Na yi mata tas. Na ce ta kwashe tarkacenta kafin in tara mata jama'a. Ta kwashe, ta faɗa mini inda ofishin lauyar yake, ta tafi. Amma tana tafiya na ajiye mudun. Abu ɗaya ke yawo a kaina: da ranar nan yana sanye da wannan takalmin a cikin layi, da na wuce shi kamar yadda na wuce na farko da na biyu.

Na yi kwana huɗu kafin in gaya wa maigida. Bayan la'asar ne, yana zaune a tabarma. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, kin san abin da za a ce? Za a ce mutanen Bawku sun saye ki. Kuma kin rantse a gaban alƙali. Wanda ya rantse ya dawo ya canza, shi ma ana iya riƙe shi." Ya nuna ƙofa da haɓa, wajen shagon. "Shi kuma me za ki ce masa?"

Na ce zuwa kawai zan yi in ji.

Lauyar yarinya ce 'yar ƙabilar Dagomba, ba ta fi 'yata ta fari ba. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar 'yar mutunci, sannan ta zauna ta buɗe takardu, sai ta zama wata daban. Yayar mai albasa tana gefe a kan benci. Lauyar ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce littafin da gudun alamu ne kawai, ba wanda ya ga laifin a cikinsu. Alama ba ta ɗaure mutum sai in ba ta da wata fassara da hankali zai ɗauka, kuma nasa suna da ita. Ta ce abin da ya riƙe shi a kurkuku idona ne.

"Mma Hajiya, da ya tsaya a kanki, me kika gani?"

Na gaya mata silifas da waya da faso.

"Daga gwiwa zuwa sama fa?"

Na ce abin ya zo da sauri.

"A layi fa, da a kotu? Nan ba sauri. Yaya fuskarsa take? Akwai wani abu a fuskar da za ki iya tunawa?"

Na ce, "Fuska ce kamar ta kowa."

Suka dubi juna ita da yayar. Yayar ta buɗe baki, lauyar ta ɗaga mata hannu. Ta ce ba ta so a sa mini magana a baki, abin da na sani kawai take so. Ta ce ita ma a gidansu ba a kallon idon babba, don haka tun da ta karanta bayanina na farko ta ga ba komai a ciki sai ƙafa, ta zargi abin da ya faru. Ba ta ɓoye mini komai ba. In na yarda za a rubuta takardar rantsuwa, za ta roƙi kotun sama ta karɓi sabuwar shaida, kuma kotun tana iya ƙi. In ta karɓa, lauyan gwamnati zai tsare ni da tambaya, kuma ba za ta iya yi mini alkawarin ba za a tuhume ni da rantsuwar ƙarya ba.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ni za a mayar maƙaryaciya, ni da aka taka wa yatsu? Na ɗauki mayafina na fita ko sallama ban yi ba.

A tashar Yendi na zauna jiran mota ta cika. Kaina a ƙasa kamar kullum. 'Yan dako suna ta wucewa da buhuna a gabana. Na ga silifas shuɗi da diddige mai faso. Kafin in ɗauke ido wani ya wuce, shi ma haka. Mai tura baro haka, mai sayar da rake haka. Sai ga wani dattijo ya zo ya tsaya dab da ni yana tambayar motar Gushegu, igiyar silifas ɗinsa an ɗaure da waya. Ƙafafun da na haddace a Salaga na mutanen da na shekara ina gani ne. Wannan kuwa ƙafar duk wani talaka ce da ke yawo a ƙasar nan, kuma a kanta na rantse. Kwandasta yana kirana in shiga, na bar masa kujerar na koma ofishin lauyar, na ce a rubuta takardar rantsuwar.

Da labari ya isa gida, ƙanin maigida bai yi mini faɗa ba. Washegari na fito zan wuce, ya miƙe tsaye ya ce, "Ina kwana, Hajiya." Shekara ashirin da wani abu bai taɓa gaishe ni haka ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A kasuwa kuwa an faɗi abin da maigida ya ce za a faɗa, har da ƙari.

Kotun sama ta yarda ta saurare ni. Ranar ba a kawo mai albasa daga kurkuku ba, aka ce ba mota. Maigida ya raka ni, ya zauna a baya. Lauyan gwamnati ya miƙe, takalminsa baƙi yana ƙyalli, tafinta yana juya mini.

"Kin rantse can, kin rantse nan. Wacce ce ƙarya?"

Na ce, "Ranar na ɗauka gaskiya nake faɗi."

"An ba ki wani abu?"

Na ce ba a ba ni ba.

"To me ya sa sai yanzu?"

Na ce sai yanzu aka tambaye ni abin da na gani. Na ba su labarin kakata da zobenta. Wani ya yi dariya a baya, alƙali ya buga tebur. Na ce mutum tara aka jera mini, takwas da takalmi, ɗaya babu, kuma kafin in fita an riga an nuna mini littafin babana an ce an kama shi. Na ce ban taɓa ganin fuskar wanda ya taka ni ba, ban taɓa ganin fuskar wanda na nuna ba. Alƙali ya daɗe yana rubutu. Ina tsaye ina jiran ya ce a riƙe ni. Ya ce in sauka, za a sa ranar hukunci.

Mako bakwai muka yi muna jira. Duk wayar da ta yi ƙara sai in zabura in ɗauka. Da ranar ta zo ban iya zuwa ba. Lauyar ce ta kira ni da yamma. Ta ce kotu ta ce yadda aka jera su bai inganta ba, shaidata ta farko ba abin dogaro ba ce, kuma littafi da gudu su kaɗai ba su isa ba. An sake shi. Ni kuma ba a ce a tuhume ni ba. Na zauna a kan buhu na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Maigida ya ce magana ta ƙare. Ni na san ba ta ƙare ba. Bayan wata guda na hau mota zuwa Bawku, wuni guda a hanya, na kwana a gidan wata abokiyar cinikina. Da safe ta sa aka nuna mini rumfunan 'yan albasa, inda yayar ta ce yana taimaka wa wani, tunda lambunsa ya tafi a wajen shari'a. A nan na ji cewa mahaifiyarsu ta rasu yana shekara ta biyu a kurkuku.

Rumfar cike take da maza, ana zazzage albasa ana tsince ruɓaɓɓu. Na yi sallama, na tsaya a bakin rumfa. Wani yana tsugune kusa da ni yana ɗinke bakin buhu, sandal ne a ƙafarsa, sabo. Na gaishe shi na ce, "Malam, don Allah ina neman wani bawan Allah, wanda aka sako daga kurkuku kwanan nan. Daga Salaga nake."

Hannun da ke ɗinkin ya tsaya.

"Ni ne, Hajiya."

Muryar nan mai sanyi ce. Duk maganar da na shirya tun daga Salaga ta gudu. Na durƙusa a cikin ɓawon albasa, na fara cewa ya yafe mini, ya katse ni.

"Ki ɗago ki dube ni."

Ban taɓa jin abu mai nauyi kamar kaina a lokacin ba. Na ɗago. Yaro ne, bai kai talatin da biyar ba, amma furfura ta fito masa. Idonsa na hagu fari ne fat, matacce, da wani tsohon tabo da ya tsaga girar ya sauko har kumatu. Ko daga wancan gefen titi mutum ya hango shi sau ɗaya ba zai manta ba.

"Tun ina yaro ne," in ji shi. "Ƙahon saniya."

Na tuna abin da na ce wa lauya, fuska ce kamar ta kowa. Na tuna mutum dubu. Kunya ta rufe ni, idona ya fara komawa ƙasa da kansa, wajen sandal ɗin, na hana shi.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya sa aka kawo mini benci da ruwa a kofi, ya koma ya tsuguna ya ɗauki basillarsa. Sai da ya ɗinke buhun ya ƙulle zaren, sannan ya tambaye ni ko an mayar mini da littafin. Na ce yana gida. Ya ce to madalla, don ranar da ya tsince shi raɓa ta fara cin tawadar.